JINIYAR ƘARFE BIYU: YADDA MUKA KOYI RABON LOKACI A JARRABAWAR FARANSANCI

Mu ne tsofaffin ɗaliban ajin Faransanci da muka fita a 1997. An roƙe mu da mu rubuta wa ƙannenmu 'yan aji shida wani abu game da yadda ake cin jarrabawar Faransanci. Da muka zauna muka tattauna, sai bakinmu ya zo ɗaya a kan cewa abin da ya kusa kayar da mu a zamaninmu shi ne agogo. Nahawu mun karanta, kalmomi mun haddace, amma babu wanda ya taɓa tunanin cewa raba minti saba'in da biyar shi ma darasi ne mai zaman kansa. Saboda haka labarin agogo za mu ba ku, da yadda wani masaƙi da bai san ko kalma ɗaya ta Faransanci ba ya koya mana shi.

Mu goma sha ɗaya ne muka ɗauki Faransanci har zuwa aji shida, mata bakwai da maza huɗu. Yawancinmu 'ya'yan ma'aikatan kamfanoni ne. Wasu iyayensu suna aiki a nan Bompai, wadda ita ce unguwar masana'antu mafi daɗewa a Kano. Wasu kuma daga Sharaɗa suke tasowa, inda ake da masaƙu da kamfanonin roba da na alewa. Biyu daga cikinmu iyayensu suna majemun Challawa, inda ake jeme fatun awaki da na tumaki a kai su ƙasashen waje. A gidajenmu duka jiniyar kamfani ce agogo. Ta busa ƙarfe shida na safe masu aikin dare su fito, ta busa ƙarfe biyu na rana masu aikin safe su tashi, ta sake busawa ƙarfe goma na dare. Da ita iyayenmu mata suke ɗora tukunya, da ita muke sanin ko mun makara. Ta ƙarfe biyu kuwa har cikin aji muke jin ta. Amma duk da mun tashi cikin wannan ƙa'ida, ba mu taɓa kawo ta cikin karatunmu ba.

Sau da yawa 'yan'uwanmu ɗalibai kan tambaye mu, wai me za mu yi da Faransanci a Kano? Amsar ba ta da nisa. Ƙasashe huɗu da suka yi iyaka da Nijeriya ta ƙasa, wato Binin da Nijar da Cadi da Kamaru, duk ana aiki da Faransanci a cikinsu. Duk wanda ya shiga Kantin Kwari ko kasuwar hatsi ta Dawanau zai ga fataken Maraɗi da na Damagaram da na Injamena suna lissafi da sefa. Sannan a ƙarshen 1996 Janar Sani Abacha ya bayyana cewa Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu a Nijeriya, abin da ya shiga cikin manufar ilimi ta ƙasa a 1998. Ranar da labarin ya iso mu, sai muka riƙa tafiya a harabar makaranta muna ɗaga kafaɗa, kamar mu aka yi wa naɗi.

Malaminmu mutumin Kwatano ne, dogo, ba ya rabuwa da farar riga mai gajeren hannu. Wata 'yar ajinmu da take da dangi a Maraɗi ta gaya mana cewa a can makaranta lakwal ce, likita lokotoro, malamin boko kuwa mushe, daga kalmar monsieur. Tun daga ranar muka laƙaba masa Mushe. Da ya gane ma'anar kalmar a Hausar Kano sai ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ya yarda, muddin dai za mu ci jarrabawa.

Cin jarrabawar kuwa a wurinmu ba abin wasa ba ne. A shekarun nan kamfanoni sun shiga wani hali. Tun bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 kuɗin kayan aiki da ake shigowa da su ya yi ta hawa, ga ɗaukewar wutar NEPA, ga wahalar man fetur. Kusan kowane wata sai mun ji an rage ma'aikata a wani wuri. Kuɗin rajistar WAEC na da yawa daga cikinmu da adashi aka biya shi, wasu kuma da bashin da za a cire a albashi. Kowa ya san cewa idan ya faɗi, babu tabbas a samu kuɗin sake zama a jarrabawar Nuwamba. Harbi ɗaya ne gare mu.

A cikin watan Maris na 1997 aka yi mana jarrabawar gwaji. Mushe ya shirya ta kashi biyu, ban da ta baka da aka yi daga baya. Kashi na farko tambayoyin zaɓi ne guda 60 a cikin awa ɗaya, waɗansu a kan fahimtar labari, waɗansu a kan nahawu. Kashi na biyu rubutu ne, insha'i ɗaya da wasiƙa ɗaya, makinsu daidai wa daida, a cikin awa ɗaya da kwata.

Mai karatu, ranar nan mun ga abin da ya ishe mu. Labarin farko na fahimta yana da wata kalma da babu wanda ya taɓa gani a cikinmu. Maimakon mu wuce, sai kowa ya tsaya a kanta yana juya ta, ya karanta jimlar sau uku, sau huɗu, yana cizon biro. Kafin mu farga rabin lokaci ya tafi, alhali ba mu kai tambaya ta ashirin ba. Tambayoyin nahawu da suke can ƙarshe, waɗanda da ido a rufe za mu iya amsa su, da yawanmu ko karanta su ba mu yi ba. Da mai sa ido ya ce saura minti biyar, sai aka shiga canki-canka, kowa yana cike gurbi yadda hannunsa ya faɗa.

A kashi na biyu ne abin ya fi ban tausayi. Akwai wata 'yar ajinmu daga Sharaɗa da muke kira Ƙamus, domin babu aikatau ɗin da za ka kawo mata ta kasa juya shi. Ita ce ta ɗaya a Faransanci tun daga aji ɗaya, kuma burinta ta karanta shi a Jami'ar Bayero. Taken insha'in da ta zaɓa shi ne ranar kasuwa. Ta rubuta shi a takardar gwaji tukuna, ta gyara, sannan ta kwafe shi da kyakkyawan rubutu, ta sake bin kowace kalma tana duba alamomin da ke kan wasula. Insha'i ne wanda Mushe ya ce bai taɓa ganin irinsa daga hannun ɗalibi ba. Amma lokacin da aka ce a ajiye biro, abin da ke shafin wasiƙarta shi ne adireshi da kwanan wata da kalmomi biyu, Cher ami. Rabin makin takardar ya tafi ke nan. Wani kuma daga cikin mazanmu, don ya burge malami, sai ya rubuta shekarar da kalmomi, mille neuf cent quatre-vingt-dix-sept, ya yi kuskure, ya soke, ya sake. Da sakamako ya fito, mutum uku kaɗai suka kai matsayin kiredit. Ƙamus P7 ta samu. Ta kifa kai a kan tebur, ta yi kukan da ya sa duk ajin ya yi tsit.

Ya kamata a nan mu tsaya mu bayyana dalilin da ya sa Faransanci yake cin lokaci fiye da sauran darussa, domin wanda bai san inda ɓarawo yake shigowa ba, ba zai iya toshe kafar ba. Na farko, tafiyar harsuna uku muke yi. Mu yi tunani da Hausa, mu juya shi zuwa Turanci a zuci, sannan mu nemi Faransancinsa. Na biyu, jinsin kalmomi. Hausa ma tana da namiji da mace, amma sau da yawa ba sa dacewa da na Faransanci. Rana mace ce a Hausa, le soleil namiji ne. Wata namiji ne, la lune mace ce. Tebur namiji ne a wurinmu, la table mace ce a wurinsu. Kowane suna sai ka tsaya ka tuna, sannan ka daidaita sifar da ke biye da shi. Na uku, aikatau. Idan kana ba da labarin abin da ya wuce, sai ka tuna ko avoir za ka ɗauka ko être, idan kuma être ne, sai ka duba ko mai aikin mace ce ko jam'i ne, ka ƙara harafin da ya dace. Na huɗu, lambobi. Bafaranshe ba ya cewa casa'in da bakwai kai tsaye, sai ya ce ashirin sau huɗu da goma sha bakwai. Ƙarfe uku da rabi na yamma kuma a takardun hukuma ƙarfe goma sha biyar da minti talatin ne. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan daƙiƙu kaɗan yake ci, amma idan aka tara su a shafi biyu, sai ka ga minti goma sun salwanta.

Ranar Asabar da ta biyo baya muka haɗu mu shida muka hau hayis zuwa Sharaɗa don mu ba Ƙamus haƙuri, domin mun ji ta ce ta bar Faransanci. Muka same ta a tsakar gida tana taya mahaifiyarta surfe. Muna cikin magana sai mahaifinta ya fito daga ɗaki, ya tashi daga barcin aikin dare, har da sauran burbushin auduga a gashinsa. Shekarunsa goma sha tara a masaƙa, ƙarar injuna ta taɓa masa ji, saboda haka da ƙarfi yake magana. Muka durƙusa muka gaishe shi. Ya tambayi abin da ke tafe da mu, muka kwashe labari muka gaya masa.

Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "'Ya'yana, ni ban yi boko ba, amma bari in tambaye ku. Aiki nawa aka ba ta?"

Muka ce, "Biyu ne, Baba."

Ya ce, "To, ni injin saƙa huɗu nake tsaro. Idan zare ya tsinke a ɗaya, nakan ƙulla shi in wuce. Idan ya ƙi ƙulluwa, sai in bar shi a tsaye, in zaga sauran ukun, in dawo masa. Da na tsaya a kansa ina fama, sai sauran su ma su tsaya, ko su yi ta saƙa ɓarna ban sani ba. Idan jiniya ta busa, yadin da injuna huɗu suka fitar ake aunawa. Babu wanda zai tambaye ni wane inji ne ya fi kyan saƙa." Sannan ya dubi 'yarsa ya ce, "Ke kin tsaya a kan inji ɗaya ne, uwata. Ba rashin iyawa ba ne. Ranar Litinin ki koma."

A cikin mota muna dawowa babu wanda ya yi surutu. Kowa ya gane cewa maganar ba Ƙamus kaɗai ta shafa ba. Ranar Litinin muka kai wa Mushe labari. Ya saurara har ƙarshe, ya ɗauki alli ya zana injuna huɗu a allo, ya ce daga yau wannan ne tsarinmu.

Ga yadda muka tsara. A takardar zaɓi, tambaya 60 a minti 60, muka raba aikin zagaye uku. Zagaye na farko minti 35: ka amsa duk abin da ka sani nan take, wanda ya tsaya maka ka sa masa ɗigo da fensir ka wuce. Zagaye na biyu minti 15: ka dawo kan masu ɗigo. Minti 10 na ƙarshe na dubawa ne, ka tabbata lambar amsa ta yi daidai da lambar tambaya, kuma ba ka bar gurbi ko ɗaya ba. A labarin fahimta kuma muka koyi karanta tambayoyi kafin labarin, don ido ya san abin da yake nema. Baƙuwar kalma kuwa, sau da yawa jimlar da ke gaba da ita ce take fassara ta, wani lokaci ma babu tambayar da ta shafe ta.

A takardar rubutu, minti 75, muka ware 5 na karanta tambayoyi da zaɓe, 30 na insha'i, 30 na wasiƙa, 10 na gyara. Da zarar an ce a fara, sai ka dubi agogo ka rubuta a gefen takardar tambaya lokacin da za ka bar aiki na farko. Idan lokacin ya yi, ka rufe jimlar da kake kai, ka bar layi kaɗan, ka koma aiki na biyu ko da zuciyarka ba ta so. Muka daina rubuta insha'i sau biyu. Abin da muke yi shi ne mu jera kalmomi biyar ko shida a gefe a matsayin ƙashin bayan labari, sai mu shiga rubutu kai tsaye. Muka daina neman doguwar jimla. Idan kalma ta ɓace maka, ka faɗi abin ta hanyar da ka sani. Wanda ya manta sunan majemi da Faransanci yana iya cewa mutumin da yake aikin fata, ya wuce abinsa. Buɗewar wasiƙa da rufewarta kuma muka haddace su tun a gida, ta aboki daban, ta hukuma daban, har da doguwar gaisuwar ban kwana da ake farawa da Veuillez agréer, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A minti goman gyara kuma abu uku kawai muke nema, ɗaya bayan ɗaya: ƙarshen aikatau, dacewar suna da sifa, da alamomin kan wasula.

Tsari a allo abu ne mai sauƙi, sabo da shi ne aiki. Mushe ya roƙi shugaban makaranta aka ba mu darussan ƙarshe na Talata da Alhamis. Mukan fara rubutu ƙarfe ɗaya saura kwata daidai, domin minti 75 su cika da busawar jiniyar ƙarfe biyu. Da ta busa, biro a ƙasa, ko kana tsakiyar kalma. Agogon hannu uku ne kacal a ajin, saboda haka masu su sukan ajiye su a inda na kusa zai gani. Makon farko jiniya ta kama mutum takwas ba su gama ba. Ƙamus ta fi kowa shan wuya, domin barin jimla ba gyara a wurinta kamar barin ɗa ne a kasuwa. Akwai ranar da Mushe ya tsaya a kanta, da minti 35 suka cika ya sa hannu ya juya mata shafi da kansa. Zuwa mako na shida sai ya zama muna ajiye biro mu zauna muna jiran jiniya.

Ranar jarrabawar gaske ta zo a lokacin zafi, ga layin motoci a gidajen mai. 'Yan Sharaɗa da Challawa tun da asuba suka fito, wasu ma a gidajen 'yan'uwa suka kwana a kusa da makaranta, don kada rashin mota ya cinye musu lokaci tun kafin a shiga. Da aka raba takardu, abu na farko da kowannenmu ya yi shi ne karanta umarnin da ke sama, ya ga lokacin da aka bayar da yawan tambayoyin da ake so, ya yi rabonsa a gefe. Ba za mu ce babu tsoro ba. Akwai kalmomin da ba mu sani ba, kamar kullum. Amma kowa ya sa ɗigonsa ya wuce. Wadda ta zauna a bayan Ƙamus ta ce ta ga lokacin da ta dubi agogo, ta ja dogon numfashi, ta juya shafi ta fara wasiƙa.

Da sakamako ya fito, mutum tara daga cikin goma sha ɗaya suka sami kiredit ko abin da ya fi. Ƙamus ta sami A2, a tsarin maki na wancan lokaci. Biyu ba su samu ba, kuma gaskiya ita ce ɗaya daga cikinsu ya gama komai a kan lokaci, kalmomin ne ba su ishe shi ba. Wannan ma darasi ne: rabon lokaci ba ya zuba wa mutum abin da bai karanta ba, yana dai ba shi damar ya fitar da duk abin da ke kansa.

Masaƙar da Baba yake aiki ta rufe bayan 'yan shekaru, kamar yadda masaƙu da yawa na Kano da Kaduna suka rufe a ƙarshen shekarun 1990 da farkon na 2000. Amma kafin nan 'yarsa ta shiga jami'a, ta yi shekararta ta ƙwarewa a Ƙauyen Faransanci na Badagry, wanda aka kafa a 1991, ta dawo ta zama malamar Faransanci, ita ta ɗauki nauyin karatun ƙannenta. Da ta ƙi komawa ranar Litinin ɗin nan, ko da ta sake tsayawa a kan inji ɗaya, Allah kaɗai ya san yadda gidan zai kasance. Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Har ya bar duniya bai yarda cewa ya koyar da kowa komai ba.

Ya ku ƙannenmu, zamaninku ya bambanta da namu. Ku kuna da NECO, wadda ta fara jarrabawa a 2000, kuna da ƙamus a cikin waya. A 2025 Jamhuriyar Nijar ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki, wanda ke nufin Bahaushen da ya iya dukkan ukun yana da gaba a kan iyaka da kasuwa da ofis. Yawan tambayoyi da tsawon lokacin kowace takarda suna iya canzawa, saboda haka kada ku riƙe lambobinmu kamar karatun allo. Ku tambayi malaminku tsarin bana, ku karanta abin da aka rubuta a saman takarda, ku yi naku lissafin. Ku nemi agogon hannu ko na aro ne, domin waya ba ta shiga ɗakin jarrabawa. Ku gwada kanku a gida da agogo sau da yawa kafin ranar. Ku raba minti gwargwadon maki. Tambayar da ta ƙi, ku sa mata ɗigo ku zaga ku dawo. Amsar da ba ta kai yadda kuke so ba tana da maki, farar takarda kuwa ba ta da ko ɗaya, kuma Hausawa sun ce da babu gara ba daɗi.

 Daga ƙarshe muna gaishe da iyayenmu ma'aikatan Bompai da Sharaɗa da Challawa, waɗanda ke raye da waɗanda suka riga mu, da suka biya mana kuɗin makaranta da gumin aikin dare. Allah ya ba 'yan aji shida na bana sa'a.

Daga tsofaffin ɗaliban ajin Faransanci na 1997.